Dakashin Garken Na-Allah

Wanda bai taɓa tsugunawa bayan saniya mai naƙuda ba, hannu cikin jini har gwiwa, ba zai gane abin da ya kai Na-Allah wurin boka ba. Mu da muka san shi mun gane, amma ba mu ba shi gaskiya ba.

Ɗan gidan 'yan kasuwar Malanville ne. Ya sayar da rumfar albasar ubansa, ya kafa garke a dajin Guéné: shanu arba'in, rijiya, da gidansa, duk cikin shinge ɗaya. Shekara uku a jere, da bazara ta kawo lokacin haihuwa sai baƙin ciki. Ciyawa ta ƙare, dusa ta yi tsada. Wannan saniya ta yi ɓari, waccan maraƙinta ya maƙale, wanda ya fito da rai zawo ya ɗauke shi. Dangwali mai madauki talatin, maraƙa huɗu ke ɗaure a jikinsa. Likitan dabbobi ya zo bisa babur, ya yi allura, ya ce a jira ruwa.

"Jira, jira!" in ji Na-Allah, ya yi jifa da igiya. "Habsatou, shekara ukku nike jira. Mi niy yi?"

Matarsa Habsatou, da tsohon ciki, ta ce, "Maigida, ka yi istigfari. Ruwa na tahe."

Bai jira ba. Da tsakar rana ya hau jirgin wani masunci bayan Garou, ya haye wani tsibiri cikin kogin Kwara. Bukkar bokan da ƙahonin shanu aka kafa ta, aka rufa da fatun 'yan tayi. A tsakiya akwai ƙwarya cike da nono, zafi kamar wuta amma bai yi tsami ba, ko ƙuda ɗaya bai sauka kansa ba.

"Dangwalinka na kuka," in ji tsohon, bai ko ɗaga kai ba.

"Dala nawa za ni biya, Baba?"

"Ba mu amsar dala. Dakashi muka so, nonon hwarko na duk abin da ya haihu cikin shingenka."

"Maraƙin da bai sha dakashi ba ai mutuwa shikai."

"Maraƙanka ba su mutuwa."

"Har shekara nawa?"

"Ka taɓa ganin jinjirin da ya yaye kainai?" Ya miƙo masa baƙin turke. "Kahwa shi tsakar garke, ka riƙa zubawa gindinai. Na ce duk abin da ya haihu."

Na-Allah ya ji, amma zuciyarsa na can tana ƙirga maraƙa.

Kafin ruwan farko ya sauka, shanun suka shiga haihuwar tagwaye, har tsohuwar da aka fid da rai da ita. Kowace safiya ya tatsi dakashi mai kauri ya zuba gindin turke, ƙasa ta shanye da wani sauti kamar tsotso. Aka ƙara dangwali uku. Mahautan Gaya suka fara zarya.

Sai Habsatou ta haihu, namiji. Nononta ya bushe ƙaf, gindin turke kuwa aka tarar da shi jiƙe, alhali ba a tatsi saniya ba ranar. Jinjirin ya ƙi madara, ya ƙi nonon maƙwabciya. Bai kai suna ba.

Na-Allah ya ce ƙaddara ce, don ba ya son ya ce wani abu. Bazara ta zagayo, babbar ɗiyarsu Rahina ta zo gida haihuwar fari. Ya san ya kamata ya kai ta Malanville, amma shanu goma na naƙuda, ya ce sai gobe. Ta haihu a ranar. Kwana biyar aka rufe ɗan, kwana tara aka rufe ta.

Daga nan Habsatou ta koma dangwali da zama. Ta zura wuyanta cikin madauki, tana miƙa wa maraƙa busasshen nono tana cewa, "Ku sha, ɗiyana, kahin shi tashi."

Na-Allah ya ɗaura wa bijimai biyu igiya su tumɓuke turken. Igiya ta tsinke, turke bai motsa ba. Ya koma tsibiri, tsohon ya ce, "Na hwaɗa maka sau biyu." Na-Allah ya ce to bari ya sayar da garken ya huta. Sa na farko da aka yanka a wannan karon, maimakon jini ruɓaɓɓen nono ya kwarara. Kafin la'asar labari ya haye gadar Malanville zuwa Gaya.

Makiyayansa suka watse. Yau shanunsa sun fi ɗari uku, ba mai saye, ba mai karɓa ko sadaka. Sun cinye rumbu, sun cinye danni, kuma ba su daina haihuwa ba. Shi kaɗai yake jan maraƙa da hannunsa, ya rame kamar kara, matarsa na ɗaure kusa da shi tana kukan shanu.

Kai mai gaggawa, ji da kyau. Duk wanda ya ce zai ba ka arziki ba da kuɗi ba, ya riga ya leƙa cikin gidanka ya zaɓi abin da zai ɗauka.