Mai Noman Ciyawa Ya Tafi Amurka

Ranar kasuwar Karaye Lauratu ta fara ganinsa, kuma ba ganin alheri ba ne. Ta fito daga shagon mahaifinta inda suke sayar da taki da irin gyaɗa, tana waigowa ta tarar da wani saurayi mai farar riga ya durƙusa daidai inda ta taka, yana ɗibar ƙasa yana zubawa a leda.

"Malam, sawuna kake ɗiba?" ta ce da ƙarfi. "Da rana tsaka? To wallahi ko wane boka ya aiko ka, ka koma ka ce masa ina azkar."

Ya miƙe a kunyace, ya buɗe mata ledar. Ciyawar ƙiri-ƙiri ce da saiwarta.

"Allah ya huci zuciyarki. Sunana Mujahid, daga Rogo Ruma. Ciyawa nake nomawa a filin wasan golf a Kano, inda ake buga ƙwallo da sanda zuwa rami, na ga wannan ta jure rani ne."

Lauratu ba ta yarda ba. Amma ta yi dariya, shi ma ya yi, kafin wata uku kuwa ba ta iya cin abincin safe sai ta ga saƙonsa: "Laurena, kin tashi lafiya? Ciyawata ta sha ruwa, saura ni. Ki turo min ko kalma ɗaya."

Matsalar ita ce mahaifinta, Malam Ɗantala na Tudun Kaya, mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yaƙi da ciyawa a gonar gyaɗa. Ranar da Mujahid ya zo gaisuwa, tsohon ya ƙura masa ido.

"Samari, ka ce kana ba ciyawa taki da ruwa?"

"Haka ne, Baba."

"In ta fito kuma ku aske ta?"

"Kullum da safe."

"Shanu su ci?"

"A'a, Baba. Ba a barin dabba ta shiga."

Bayan Mujahid ya tafi, Malam Ɗantala ya ce wa 'yarsa, "Ko dai yaron nan maƙaryaci ne, ko kuma akwai abin da suke binnewa a ƙarƙashin ciyawar."

Ana cikin haka tafiya ta taso. 'Yan kulob ɗin golf da Mujahid ke yi wa aiki su goma sha huɗu za su hutu Amurka, su buga wasa a filaye uku, sannan su kalli wata babbar gasa. Shugabansu, dattijo Alhaji Mijinyawa, ya ce a tafi da Mujahid ya ga yadda ake gyaran fili a can.

"Kin ji inda aka dosa," in ji Malam Ɗantala. "Samari nawa suka hau jirgi da sunan mako biyu, har yau iyayensu na jira? In ya dawo tare da ayarin, ya turo magabatansa. In bai dawo ba, kada ki ƙara kawo min sunansa."

Kwanakin farko saƙonni suka riƙa zuwa da hotuna. Filaye kore shar, tafkuna, da ramukan farin yashi.

"Laurena, yau Alhaji ya buga ƙwallo sau biyar tana faɗawa ruwa. Ya ce laifin iska ne. Ina kewarki."

Lauratu ta yi murmushi, sannan ta buɗa hoton da yatsu biyu. Akwai wata mace mai farar hula a gefen Mujahid. A hoto na biyu ma tana nan. A na uku har tana miƙa masa sandar wasan.

"Wace ce mai hular?"

"Hajiya Kausar ce, sakatariyar kulob."

"Ita sakatariyar ba ta da wurin tsayuwa sai kusa da kai?"

"Kishi ya yi miki kyau, zumata. Gobe za mu shiga kallon gasa, kuma ba a shiga da waya, a ƙofa ake ajiyewa. Kada ki ji shiru ki damu."

Ta damu. Wane irin wasa ne ake ƙwace wa manyan mutane waya? Kwana uku yana turo gajeren saƙo in sun fito, a rana ta huɗu ko wannan babu.

Sabi'u, mai shagon gyaran waya da ke kallon nasu, wanda ya shekara biyu yana son Lauratu tana kauda kai, shi ya fi kowa jin daɗi.

"Ni fa waya sana'ata ce," ya ce yana jingina da buhun taki. "Babu inda ake hana mutum wayarsa a duniya. Layi ya canza, Lauratu. Haka suke yi in za su ɓace."

Ranar Talata labari ya iso cewa ayarin ya sauka Kano, babu Mujahid a ciki. Malam Ɗantala bai yi mata gori ba, ya dai ce, "Ki yi haƙuri, uwata," wannan kuwa ya fi gorin ciwo. Ta goge lambarsa, ta goge hotunan, ta shiga bayan buhuna ta yi kuka mai isarta.

Washegari da hantsi wata mota ta tsaya ƙofar shago. Mace ta fito, babu hula, amma Lauratu ta gane fuskar nan take.

"Ke ce Lauratu? Shago na huɗu ke nan ina tambaya. Ni ce Kausar."

"Na sani. Kin zo ki ga wadda aka bari ne?"

Hajiya Kausar ta kwashe da dariya. "Ƙanwata, 'ya'yana huɗu, babbar ta kusa kai ki." Ta gaida Malam Ɗantala, sannan ta miƙa wa Lauratu katin da ake rubuta makin wasa. A bayansa akwai rubutu:

"Laurena, Alhaji ya yanke jiki ya faɗi ranar ƙarshe. Ni na bi shi a motar asibiti, wayata ta zauna a ƙofar fili har yau ba a gano ta ba, kuma don sakarci ban haddace lambarki ba. Ba shi da kowa a nan, ba zan bar shi ba. Na san abin da Baba ya ce. Ki roƙar min shi."

Hajiya ta kira wayar Alhaji ta bidiyo. Sai ga tsohon a kan gado, Mujahid na riƙe masa kofi, idanunsa sun faɗa. Malam Ɗantala ya karɓi wayar.

"Samari, ka san sharaɗina, ka bar jirgin ya tashi?"

"Na sani, Baba. Na tsaya a bakin gadon nan ina lissafin cewa na rasa ta. Amma na kasa tafiya."

Tsohon ya dubi 'yarsa, ya dubi wayar. "Har yanzu ban gane aikinka ba, kuma ba na jin zan gane. Amma ni ma tsufa nake yi. In Alhaji ya warke, ka turo magabatanka."

Lauratu ta karɓi wayar. "Mujahid, na goge lambarka. Na yarda ka gudu. Ka yafe min."

"Na yafe, Laurena. Karanto min taki a hankali, yanzu zan haddace."

Bayan sallah babba aka ɗaura aure a Tudun Kaya. Alhaji Mijinyawa ya zo yana dogara sanda, ya roƙi dangin ango su bar shi ya karɓi auren da bakinsa, suka bar masa. Da aka shafa fatiha ya riƙo hannun Malam Ɗantala.

"Kwana goma sha ɗaya yaron nan yana ɗaga ni yana kwantar da ni. Allah ya ba su, shi da amaryarsa, masu yi musu haka."

Malam Ɗantala ya ce amin, ya sake cewa amin, sannan ya juya gefe yana goge ido da bakin rawaninsa.