Sulken da Aka Ƙara wa Zalɓe

Ranar da ta fara shiga shagonsa gyaran fanka ne ya kawo ta, amma kafin ta fita sai da ta ci masa fuska son ranta.

Shagon ɗan ƙarami ne a ƙarƙashin wani bene, kwamfutoci jibge har kan kujerar baƙi. Mai gyaran, wanda abokansa ke kira Injiniya, yana sunkuye da sukudireba a baki lokacin da ta ajiye masa tata.

"Malam, fankar ce take kuka kamar za ta tashi sama."

Ya kunna, sai ga hoton wani tsohon wasa a fuskar kwamfutar. Wasan yaƙin ƙattai ne, mutum-mutumin ƙarfe masu tsayin bene, waɗanda mutum ke shiga kansu ya tuƙa. Kamfanin da ya yi shi ya daɗe da mantawa da shi. Wasu 'yan tsiraru ne suka ƙi bari ya mutu, suna buɗe fayilolinsa su ƙara sabbin ƙattai da filayen daga, su raba wa duniya kyauta. Kwaskwarima suke kiran aikin.

"Kina buga wannan?" ya tambaya.

"Tun ina firamare, a kwamfutar yayana. Amma wanda ya yi fentin sabuwar kwaskwarimar nan, Allah ya shirye shi. Ƙato guda a shafa masa kore kamar ƙofar banɗaki?"

Ya cire sukudireban daga baki a hankali. "Ni ne."

Da wata ce, da ta rufe fuska ta ba da haƙuri. Ita ko gezau. Ta gyara riƙon jakarta ta ce, "To, yau ka ji gaskiya kyauta."

Nan take ya ji ta kwanta masa a rai. Fankar da za a gyara a tsaye, sai ya ce sai ta dawo jibi.

A gida Auta ake ce mata, kuma zanen alluna da katuna take yi a wata maɗaba'a. Hannunta na da kyau, ta kuma san da haka. Bai yi wata guda da saninta ba ya saka ta cikin rukuninsu na 'yan kwaskwarima, masu haɗuwa kowace Asabar da yamma a ɗakin bayan shagon, su jona kwamfutocinsu da waya su gwabza. Ta sake wa ƙattansu fenti kaf, har shugabansu, wanda suke kira Dattijo saboda furfurarsa, ya ce yanzu wasan ya yi wanka.

Saƙonni kuwa tsakaninta da Injiniya ba sa yankewa.

"Matuƙiyata, kin ci abinci, ko har yanzu kina kan ƙafar ƙaton nan?"

"Ina kanta. Gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa yadda nake so."

"Ni tawa ta daɗe da lanƙwashewa a gabanki."

"Maƙerina, ka ji tsoron Allah. Irin wannan magana ma gyara take so."

Ƙaton da take ƙerawa nata ne tun daga zanen farko. Dogayen ƙafafu siraru, ƙaramin kai, doguwar bindiga ɗaya a kafaɗa. Ta raɗa masa Zalɓe. Rukunin na da ƙa'ida da ba a ɗaga wa kowa: duk ƙato yana da nauyin da zai iya ɗauka, in ka ƙara masa sulke sai ka rage gudu ko makami. Ƙaton da ba a iya kayarwa ba ya shiga wasan, don ya ɓata wa kowa daɗi. Auta ta zaɓi gudu da nisan harbi, ta bar wa Zalɓe sulke ɗan kaɗan, da saninta.

Matsalar farko daga gida ta taso. Babanta tsohon malamin makaranta ne, mutum mai tsare gida da kallo kawai. Da Injiniya ya je gaishe shi, Baba ya tambayi sana'arsa ya gyaɗa kai, sannan ya tambayi abin da ya haɗa su.

"Wasan kwamfuta ne, Baba. Muna yi masa kwaskwarima."

"Wasa."

"E, Baba."

Bayan tafiyarsa Baba ya kira ta. "Auta, mutumin da ya yi gemu yana harbe-harben ƙarya, shi zan damƙa wa ke? Ban ce yaron banza ba ne. Na dai ce ban ga magidanci ba tukuna."

Mama ta yi ta lallashi ta bayan fage, amma Baba bai motsa ba.

Matsala ta biyu kuma Guduma ne, gwanin rukunin, wanda ba a taɓa kayar da shi sau biyu a jere ba. Shi ma ya taɓa neman Auta, ta ba shi haƙuri cikin mutunci, haƙurin bai zauna masa ba. Da ya ga hoton Zalɓe sai ya kwashe da dariya.

"Wannan ai atishawa ma ta isa ta karya shi. Ranar gwaji ku tanadi tsintsiya."

Auta ta yi murmushi kawai. Injiniya ne maganar ta tsaya wa a wuya. Aikinsa a rukunin shi ne harhaɗa fayilolin kowa wuri guda kafin gwaji. Da ya zo kan na Zalɓe ya ga ƙanƙantar sulken ƙafafu, sai ya hango Guduma yana yi mata dariya a gaban mutane. Ya goge lambar sulken ya rubuta wadda ta ninka ta, bai rage komai a wani wurin ba. So ne ya sa shi, amma son da ba a tambayi mai shi ba.

Ranar gwaji Zalɓe ya yi ɓarna. Ya kayar da kowa, har Guduma, wanda ya yi ta narka masa harsashi a gwiwa ƙafar ta ƙi karyewa. Auta ta koma gida tana taku ɗaiɗai, ta ba Mama labari har da kwaikwayon faɗuwar Guduma.

Murnar ba ta kwana biyu ba. Guduma ya buɗe fayil ɗin, ya ɗauki hoton lambar ya watsa a dandalin hirarsu ta waya.

"Ga sirrin gwanintar. Sulken babbar mota a jikin keke. Maguɗi dai sunansa maguɗi."

Dattijo ya rubuta cewa an cire Zalɓe sai an bincika. Auta ta duba filas ɗin da take ajiye fayilolinta, ta ga lambarta tana nan yadda ta sa. Mutum ɗaya ne ya taɓa fayil ɗin bayanta. Kafin ta kira Injiniya ma ya riga ya rubuta a dandalin.

"Ni na canza lambar. Ba ta sani ba. Laifina ne ni kaɗai."

Guduma ya amsa, "Saurayi na rufa wa budurwa asiri. Allah ya bar ƙauna." Wasu suka turo alamar dariya, kuma a fili yake da yawansu sun fi yarda da Guduma.

Injiniya ya kira ta, ta ɗauka a kira na ƙarshe.

"Matuƙiyata, ki yi haƙuri. Tsoro na ji kada su yi miki dariya."

"Kada ka kira ni da wannan sunan. Da ka ɗauke ni matuƙiya da ka bar ni na tuƙa."

"Na so in kare ki ne."

"Daga me? Guduma raina ni ya yi a fili, na san yadda zan yi da shi. Kai a ɓoye ka raina ni, kana yi min murmushi. Wata nawa ina auna ƙaton nan, ka zo da yatsa ɗaya ka mai da ni ɓarauniya."

Ta kashe wayar. Ranar ta yi kuka sosai, kuma na haushi ya fi na so yawa.

Saƙonninsa suka yi ta shigowa ba amsa. A ƙarshe ya turo guda: "Ba zan ƙara roƙo ba, don roƙo ba zai wanke sunanki ba. Ki faɗi abin da zai wanke shi, zan yi ko da zai raba ni da ke."

Yayanta ne ya yi suɓul da baka a gaban Baba. Tsohon ya ajiye tabarau.

"Maguɗi? 'Yata?"

Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana kama masu satar amsa, babu kalmar da ta fi wannan ɗaci a kunnensa. Auta ta zayyana masa komai.

"Shi yaron da kansa ya ce shi ne? A gaban kowa?"

"E, Baba. Ba su yarda ba ne."

"To me za ki yi?"

"A sake gwajin da fayil ɗina na asali."

"Yaushe?"

"Asabar."

"Ki ce a ajiye min kujera."

Ta tura wa Dattijo buƙatarta, sannan ta ba Injiniya amsarsa ta farko cikin kwanaki: "Bayan Guduma, kai zan kara da kai. In na ga ka sassauta min ko da harbi ɗaya, kada ka ƙara bin layinmu."

Asabar ta zo, ɗakin bayan ya cika. Dattijo ya karɓi filas daga hannunta ya ɗora fayil ɗin da kansa, ya karanta lambobin da ƙarfi. Baba bai zauna a kujerar ba. Ya goya hannu a baya yana zagaya bayansu a hankali, sai ga ƙattan maza da gemu sun daidaita zama ba wanda ya ce su yi.

Guduma ya fito da ƙatonsa mai faɗin ƙirji, ƙasa na girgiza a lasifika. Auta ba ta yarda ya matso ba. Ta yi ta zillewa a bayan rusassun gine-gine, ta harba daga nesa ta sauya wuri. Guduma ya fusata ya dinga sakin makamansa duka lokaci guda, har injinsa ya ɗau zafi ya mutu a tsakiyar fili. Ta fito a natse ta ɗauke masa kai.

Ɗakin ya ɗauki tafi. Zagaye na gaba Guduma ya yi dabara, ya laɓe a lungu ya karya mata ƙafa da harbi ɗaya. Zalɓe ya kife, ita kuwa har da ɗan murmushinta.

Sai Injiniya ya zauna. Ya tuna saƙonta. Ya san raunin Zalɓe fiye da kowa, can ya dosa. Ya kayar da ita ba tausayi. Ta rama. Ya sake kayar da ita, ta sake ramawa da wani harbi daga ƙarshen fili wanda ya sa shi kansa ya miƙe tsaye yana tafi. Suka yi ta yi har Dattijo ya ɗaga hannu.

"Ya isa. Ƙaton nan yana ci, ana kuma cinsa. Ma'auninsa daidai ne, hannun mai shi ne ke da zafi. Zalɓe ya shiga." Ya juya. "Guduma, akwai maganar da ka rubuta."

Guduma ya sosa ƙeya. "Na janye. Ki yafe ni. Ke kika kayar da ni, ba lamba ba."

Baba ya matso ya leƙa allon, inda Zalɓe ke tsaye hayaƙi na tashi daga kafaɗarsa.

"Auta, ke kika ƙera wannan? Tun daga ƙafa?"

"Har ƙusoshin, Baba."

Ya daɗe yana kallo, ƙirjinsa a buɗe, kamar ranar da aka kira sunanta a taron yaye ɗalibai. Sannan ya dubi Injiniya.

"Kai kuma, zo nan. Na kama ɗalibai da yawa a rayuwata, ɗaiɗai ne suka ce ni ne kafin a tambaye su. Abin da ka yi wauta ce."

"Wauta ce, Baba."

"Har yanzu ban gane daɗin harbe-harben nan ba. Amma ka ce wa manyanka ina gida."

A bakin ƙofa Injiniya ya tsaya nesa da ita kaɗan, bai san ko yana da izinin magana ba. Ita ta fara.

"Ka karya min ƙafa ba ko kunya."

"Ke kika ce."

"Ni na ce." Ta kawar da kai tana ɓoye dariya. "Yau ka burge ni, Maƙerina."

Ba a ja lokaci ba aka ɗaura aure. 'Yan rukunin suka saki sabuwar kwaskwarimar a safiyar ranar, Zalɓe a gaban hoton, sunan amarya a ƙarƙashinsa. Kafin azahar saƙonni sun fara shigowa daga ƙasashen da ba su taɓa zuwa ba, ana tambayar wa ya ƙera mai dogayen ƙafafun nan. Baba ya karɓi wayar yayanta ya bi baƙi da ita ɗaya bayan ɗaya, har tsofaffin da ba sa gani sosai sai da ya nuna musu.

"'Yata ce ta yi. Da hannunta."

Da za a tafi da amarya, Baba ya kira su biyun ya zaunar a gabansa. Mama na gefe tana share ido.

"Ɗana, ga ta nan. Ka ga dai tana iya tsayawa da ƙafarta. In abu ya fi ƙarfinta za ta faɗa maka, ka jira ta faɗa. Ke kuma Auta, ki riƙa faɗa, kada girman kai ya hana ki."

"To, Baba," suka haɗa baki.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ku tashi ku je, na yarda da ku."

Auta ta miƙe da hawaye a fuska, kanta a sama, mijinta na tafe a gefenta kafaɗa da kafaɗa.