Da Sauƙi, In Ji Gwaggo

A hawan ƙarshe na Rumbun Magani na Sabuwar Kano, Mahangi, injin hasashen rumbun, na kan aikinsa. Taswirar duniya ce shimfiɗe a bangon gilashi, garuruwa na rikiɗa daga kore zuwa ja. Duk inda ya yi ja, can jirage marasa matuƙi ke kwasar allurar sefalosforin su nufa. A dangin magungunan kashe ƙwayoyin cuta ita kaɗai ta rage tana ci, sauran duk ƙwayoyin sun raina su, shi ya sa duniya ke wawasonta.

Mahangi ba ya awon jini, kunne gare shi. Tun da likitoci suka yi ƙaranci aka ajiye 'yar na'ura a gefen gadon kowane majinyaci, ta gaishe shi, ta aika da amsarsa. Da amsoshin nan Mahangi ke hango inda kasuwar magani za ta tashi da inda za ta faɗi.

Injiniya Sabitu ne ke kula da shi, wato yana shan shayi yana gyaɗa kai. Ranar nan ya ɗago ya ga Kano ta yi kore shar. Hasashen ya ce ciwon huhu na ja da baya a ƙasar Hausa, a karkatar da kasonta zuwa kasuwannin ƙetare. Alhali da safen nan Sabitu ya baro Gwaggo Tabawa, yayar mahaifinsa da ta raine shi, ƙirjinta na kuka kamar zugazugin maƙera.

Ya kunna muryoyin da aka tara. Wani tsoho, cikin tari: "Da sauƙi." Wata mata da kyar ake jin ta: "Da sauƙi, alhamdulillahi." Gari guda kwance, kowa da sauƙi. Waɗanda suka ƙera Mahangi sun koya masa Hausa, ba su koya masa Bahaushe ba.

Ya kira hedikwata. Wata na'urar ce ta ɗauka, ta ce hasashe ba ya karɓar ra'ayin ma'aikaci. Za a tura wa Gwaggonsa allura, amma ba za a sauke ta ba sai majinyaciya ta faɗa da bakinta cewa jiki ya tsananta.

Ko da ya isa gida, jirgin na shawagi a saman tsakar gida da akwatin sanyi a cikinsa.

"Gwaggo, in na'urar nan ta gaishe ki, ki ce babu sauƙi."

"In ce me?"

"Babu sauƙi. Shi ke nan."

"Da furfurata in kai ƙarar Ubangiji gaban rediyo? Bokon naka ke nan?"

"Ba ƙara ba ce, Gwaggo. Allurar ce ba za ta sauko ba."

"Kai ka faɗa mata mana, tun kana yaro bakinka ya saba da mita."

Ai ya gwada. Ya maƙe murya ya kwaikwaye ta, na'urar ta ba shi shawarar ya sha zuma da lemun tsami.

Ya durƙusa gaban gadon, gwiwoyinsa na ƙara, ya riƙe hannunta mai zafi kamar murfin tukunya. Ta daɗe tana dubansa.

"To, na ji. Tashi, kada a ga ƙato yana kuka."

Fitilar na'urar ta kawo.

"Sannu, Hajiya. Yaya jiki?"

Gwaggo ta tattaro numfashi. Sabitu na kallon leɓɓanta suna haɗuwa, suna shirin "babu".

"Da sauƙi," ta ce. "Alhamdulillahi."

Ƙarar jirgin ta yi sama, ta yi gabas, ta ɓace.

"Yi haƙuri, ɗan nan," ta ce, idonta a rufe. "Gaishe ni ta yi. Da ladabinta."

Yana nan durƙushe wayarsa ta yi ƙara. Shugabansa ne, cike da murna, wai hedikwata ta yaba wa Kano, birni mafi lafiya a nahiyar.

"Af, na ji an ce Gwaggonka ba ta jin daɗi. Yaya mai jikin?"

Sabitu ya dubi ƙirjinta yana hawa da kyar.

"Da sauƙi, ranka ya daɗe," ya ce.