Kifi Huɗu a Gidan Alhaji Mati

Ranar da Raihanatu ta shiga shagon yankan gilas da ke bakin babbar hanyar Ƙonni, takarda ce a hannunta mai zanen akwati. Saurayin da ke ciki ya ɗago kai, ya dube ta, sai hannunsa ya kauce daga layi. Gilas ɗin ya ce ƙas, ya tsage.

"Subhanallahi! Ni na jawo?"

"A'a, idona ne bai tsaya ga aikinsa ba. Sunana Munkaila. Mi kike so, Malama?"

Ta sunkuyar da kai tana ɓoye murmushi. Malamar lakwal ce kuwa, mai koyar da yara, alli ma bai gama fita daga yatsunta ba. Ta ce akwatin kifi take so, irin na kallo. Lokacin da ta raka mahaifinta Alhaji Mati asibiti a Yamai saboda hawan jini, ya zauna gaban irinsa awa guda bai yi faɗa da kowa ba, abin da ba a taɓa gani ba tun da ya aje tuƙin tirela.

Munkaila ya juya takardar. "Gaskiya ban taɓa yi ba. Taga na iya, da ƙofa."

"Ni ma ban taɓa kiwon kifi ba. Soya shi na iya."

"To mun dace. Ki ba ni lambarki, saboda awo."

Awon nan bai ƙare ba har mako uku. Kullum da tambaya, daga faɗin akwati har aka gangaro kan abincin da ta fi so. Shi ɗan Malbaza ne, maraya, da hannunsa ya kafa shagon. Ya tafi har Sakkwato wajen wani mai sayar da kifin ado, ya yini yana tambaya yana rubutawa, ya dawo da gam na musamman da ɗan inji mai hura iska.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Malamata, akwati ya bushe, ba ya yoyo. Zuciyata ce dai ke yoyo. Gobe in kawo shi, in gaida Baba?"

Ta amsa: "Mai gilas, ka zo. Amma ka bar zancen yoyo a shago."

Washegari ya sauke akwatin a zaure, ya durƙusa ya gaida Alhaji Mati da Inna Shatu, mahaifiyarta. Inna ta leƙa ciki, ta sake leƙawa.

"Ina kifin?"

"Inna, sai nan da mako uku. Ruwa za a zuba tukun, a bar inji yana aiki har ruwan ya zauna."

Fuskar Inna ta canza. A gidan nan ko kwanon maƙwabta ba a mayarwa wayam, sai an ɗora ko ƙuli-ƙuli. Yau ga mai neman ɗiyarta ya shigo karo na farko da mazubi fanko, har yana cewa a yi ta kallon ruwa.

Bayan fitarsa ta ce, "Wanga yaro marowaci ne. Mu zai kawo wa akwati ba kowa ciki, kamar mun mutu?"

Labari ya kai kunnen Fahad, ɗan abokin Alhaji, mai shagon kayan mota, wanda ya shekara yana zarya Raihanatu ba ta ko ba shi tabarma. Ranar Asabar tana wajen taron malamai a Tsarnawa, sai ga shi da manyan ledoji, jajayen kifi ashirin. Ya tara bokiti a pompo, ya cika akwati, ya juye su gaba ɗaya. Inna ta yi guɗa. Don kada baƙi su ji yunwa a gidanta, ta marmasa musu burodi, ta ƙara da ɗan tuwon gero.

Kwana biyu ruwan ya yi fari kamar kunu. Rana ta uku aka kwashe gawa ashirin da matankaɗi.

Fahad ya shinshina gefen akwatin, ya yamutsa fuska. "Baba, gam ɗin nan ne. Guba ce. Irin na takalmi ya sa don arha. Allah ya kiyaye ma ba abin sha ba ne."

Alhaji Mati ya buga sanda a ƙasa. "Marowaci kuma maha'inci! Raihanatu, ki gaya mashi in na sake ganin ƙafarsa ƙofar gidana, sai jandarma sun raba mu. Ban tilasta maki kowa, amma wanga kam ban ba shi ɗiya."

Ta shige ɗaki da hawaye, ta rubuta wa Munkaila: "Ashe haka kake? Na yarda da kai gaban iyayena, ka kunyata ni."

Sai bayan la'asar amsa ta zo: "Raihan, fushinki ya fi mini zafi da korar Baba. Ban da shaida sai akwatin nan. Ruwan pompo akwai magani ciki mai kashe kifi, kifi ashirin sun yi wa akwatin yawa, tuwo kuma ruɓewa yake. Kada ki yarda da maganata. Ki gwada da hannunki. In sun mutu, ni da kaina zan bar Ƙonni."

Ta karanta sau uku, ta share ido, ta fito. Ta tarar Inna na shirin maida akwatin mazubin albasa.

"Baba, wata biyu nake roƙo. In kifi ya mutu a hannuna, na bar zancen Munkaila har abada."

"In ya rayu fa?"

"Sai ka saurare shi."

Alhaji ya dube ta, ya ga taurin kansa tsaf a fuskarta. "Na ji. Amma ƙafarsa waje."

Ta ja akwatin zuwa kusurwar falo inda rana ba ta dukansa. Inna ta miƙo mata omo, ta ce a'a, ruwa zalla. Ta wanke tsakuwar da za ta shimfiɗa a ƙasan akwatin sau bakwai har ruwan ya fita garau. Ta tara ruwa a bido, wato jarka, ta bar shi buɗe kwana biyu, kana ta zuba a hankali kan faranti don kada tsakuwa ta tashi. Ta dasa ciyawar ruwa, ta kunna inji. Daga nan sai jira.

Maƙwabta suka samu abin dariya. Sakina ƙawarta ta ce, "Amarya, yaya jikin ruwa? Ya fara rarrafe?" Fahad kuwa duk zuwansa sai ya yi wa akwatin sallama. Ranar da kuran ya ɗauke yini guda, ba lantarki inji ya tsaya, Raihanatu ta zauna da moɗa tana ɗiba tana tsiyayawa har hannunta ya sage, kafin Sakina ta karɓo mata ƙaramin batir daga shagon Munkaila.

Saƙon Munkaila ya shigo: "Malamata, yau kwana goma sha tara. Saura biyu. Ni ma a bido nake, ina jiran ranar da za a zuba ni."

"Ka yi haƙuri da maganar da na gaya maka, mai gilas ɗina. Na yi kuskure."

Ranar ashirin da ɗaya Sakina ta kawo leda ɗaya daga wajen Munkaila, kifi huɗu ƙanana kamar ɗan yatsa, masu jela kala-kala. Raihanatu ta ɗora ledar a kan ruwa minti ashirin, ta riƙa ƙara musu ruwan akwati kaɗan-kaɗan, kana ta sake su. Abincinsu ɗan tsunkule ne sau ɗaya a yini. Ta sa wa marfin akwatin kwaɗo saboda Inna.

"Huɗu! Kuma da yunwa! Wallahi alhakinsu na kanki," in ji Inna.

Mako ya wuce, biyu suka wuce. Kowace Lahadi takan rage kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan ta sabunta. Alhaji yakan wuce yana kauda kai, amma ta lura kujerarsa kullum tana matsowa kusurwa.

Wata Talata da hantsi tana cikin aji wayarta ta yi ta ƙara. Baba ne. Ya ce ta zo gida maza, ta hau kabu-kabu ko jaka ba ta ɗauka ba. Ta iske shi durƙushe gaban akwatin, ba hula, hancinsa manne da gilas.

"Baba, sun mutu?"

"Mutuwa mi? Zo ki gani! Haihuwa anka yi! Na ƙirga sha ɗaya, ga wani can bayan ciyawa!"

'Yan mitsi-mitsi ne kamar ƙwayar shinkafa, sai ido. Inna ta rangaɗa guɗar da ta fi ta farko. Fahad da ya shigo gaisuwa ya fara cewa ai dama wani kifin yana jure guba.

Alhaji ya miƙe. "Yaro, ɗakin da ke da guba ake haihuwa cikinsa? Kai ka kashe ashirin cikin kwana uku don a yaba maka. Ka gaida mahaifinka." Ya juya ga ɗiyarsa. "Kira min Munkaila. A'a, ba ni wayar, ni na kore shi."

Munkaila ya zo da garin gilas a rigarsa, ya durƙusa. Alhaji ya kama hannunsa ya tashe shi. "Na zarge ka da abin da ba ka yi ba, ka yafe mini. Ka turo magabatanka daga Malbaza."

Bayan Sallah Babba aka ɗaura aure, zaure ya cika har titi. Ranar jere gwaggwanni suka nannaɗe zane za su ɗauki akwatin zuwa ɗakin amarya, Alhaji ya gitta sanda a gabansu.

"Ɗiya na ba shi. Kifi ban ba shi ba. Ya yanka wani!"

Gida ya kaure da dariya, Raihanatu na yi a cikin lulluɓi hawaye na zuba. Alhaji ya dafa kanta.

"Allah ya yi maku albarka, ke da mijinki. Ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuri'a ɗayyiba."

Gidan duka ya amsa da amin.