Muryoyin 'Yan Ajina a Cikin Kogo

Da la'asar sakaliya muka isa bakin kogon, ni da Maman Tagwaye, kuma tun daga makaranta raina a ɓace yake. Washegari ne zan kawo 'yan ajina, yara talatin da biyu, su ga cikinsa. Sati biyu ina koya musu ƙa'ida: hular kwano ba ta barin kai, hannu ɗaya a kan igiya, in tocila ta mutu kowa ya tsaya cak ya faɗi lambarsa. Iyaye shida suka yi alkawarin rakiya. Da na kira taron shiri, Maman Tagwaye kaɗai ta zo. Shi kuwa Hedimasta, da na ce mu je mu duba hanya, ko kai bai ɗago ba.

"Malama, rami ne fa kawai. Kin cika ɗaukar abu da zafi."

Rami kawai! Da 'ya'yan mutane!

Mai gadin wurin ya riga ya tashi. Na ɗaure bakin igiya a ƙarfen ƙofa, muka yi bisimilla muka shiga, ina warware ta a hankali. Warin kashin jemage ya dake mu. Ruwa na ɗiga daga sama, ɗis, ɗis. Ina tafe ina mita, ina duba inda ƙafar yaro za ta iya zamewa.

Da muka sha kwana ta biyu, ɗigar ruwan ta tsaya. Warin ma ya ɗauke. Sai ƙanshin alli da sabulu, irin na ajina da safe.

"Ɗaya."

Muryar yarinyar da ke zama a layin gaba ce.

"Biyu."

"U-u-uku." Har da i'inar mai lamba uku.

Na haska gaba. Dutse ne kawai. Maman Tagwaye ta damƙe hannuna.

"Malama," ta ce a raɗa, "a gida na baro tagwayena."

Lissafin ya ci gaba. Sha shida. Sha bakwai. A sha takwas ya tsaya, a kan lambobin tagwayenta.

"Mama, zo. Muna jin sanyi."

Ta sake ni ta nufi duhun. Na cafke mayafinta, ta fizge. Na sake cafko ta, na ɗauke ta da mari.

"Ba su ba ne! Dawo cikin hankalinki!"

A lokacin na ji igiyar da ke hannuna ta yi nauyi. Daga baya, ta wajen ƙofa. Tana rawa, kamar ƙananan hannaye sun jeru a kanta.

Tsoro ya kamata ya kama ni. Amma wani baƙin ciki ne ya taso mini. Yaran da nake share wa hanci, nake ɗaure wa takalmi, su ne za a ari bakinsu a yi mini wasa?

"Ko ku su wane ne, ku fita harkar 'ya'yana!" na daka tsawa. "Marasa kunya!"



Sai wata murya ta taso daga can ciki, a natse.

"Yara, kowa ya riƙe igiya. Ku biyo ni."

Muryata ce.

Ta sake faɗa, ta gyara inda nake jan harafi. Gwaji take yi. Shirin gobe.

Na yar da igiyar. Na ja Maman Tagwaye muka bi jikin bango, ina Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. 'Yan yatsu masu sanyi suna shafar zanena. Ɗaya ya riƙe. Na fizge, zanen ya yage. Ban waiga ba sai da muka zube a kan ciyawa, ana kiran magariba daga nesa.

Da safe na tsaya a ƙofar bas na ce ba yaron da zai hau. Iyayen da ba su zo taro ba su ne suka fi kowa ɗaga murya. Maman Tagwaye tana kwance da zazzaɓi, babu mai goya mini baya. Hedimasta ya kira ni mai taɓin hankali a gaban yara, ya dakatar da ni sati biyu, ya ɗauki tocila ya ce shi zai shiga da rana tsaka ya kunyata ni.

Bayan azahar ya zo gidanmu, wandonsa duk laka. Ya ƙi zama.

"Malama, kin taɓa gaya wa wani ina da 'ya?"

"Ni ban ma san kana da ita ba."

"Shekara tara da rasuwarta," ya ce. "Har ta kira ni Abba."

An soke tafiyar, an sa wa ƙofar kogon kwaɗo. An janye dakatarwar, na koma aji bayan kwana uku. Har yau bai ba ni haƙuri ba, ni ma har yau ban yafe masa ba.