Ciyawar Kabarin Kakan Songi

Songi na durƙushe a falo tana manna wa mahaifinta filastar ciwon baya. Tun safe maganar ke cin ta, ta rasa ta inda za ta ɓullo mata.

"Baba… bizar Ganbold fa ta kusa ƙarewa."

"To ni ne ofishin shige da fice?" in ji tsoho Pyo, fuskarsa kife a matashi.

Ganbold ɗan Mongoliya ne, tare suka yi jami'a a birnin Daegu, nan ƙasarsu Songi ta Koriya, can soyayya ta ƙullu. Da ya gama aka ba shi bizar neman aiki, ya yi ta sabunta ta har ba sauran dama. Intabiyu kam ya sha ta, kullum "za mu kira ka", shiru kake ji. Hanya ɗaya ta rage: aure. In ba haka ba sai jirgin komawa gida.

"Takarda yake so, ba ke ba," tsohon ya ci gaba. "In ma ke ɗin yake so, gobe ya kwashe ki ku yi ƙasarsu. Ke kaɗai na haifa! Ga bikin girbi ya matso, lokacin da kowa ke share kabarin iyaye, ciyawa ta rufe kabarin ubana, 'ya'yan ƙanena na Seoul kowa ya turo uzuri. Nawa kabarin ma haka zai koma — daji!"

Mama ta leƙo daga kicin. "A kira masu yankan haya mana."

"Bare ya share min uba? Ai ban mutu ba tukuna!"

Songi ta sulale gonarsu ta tuffa ta kira Ganbold a waya, kuka ya ƙwace mata.

"Mu je ofis mu yi rajistar auren kawai. Shaidu biyu ake nema, ƙawayena sun yarda. Ba wanda zai sani!"

"Ni zan sani," ya ce a hankali. "Haba Songi. Baba ya ce ɓarawo ne ni, sai kuma in hauro ta katanga? Gara in koma gida in jira ki."

"Ka jira har yaushe? Kai ko tsoro ba ka ji?"

"Ina ji mana, abinci ma ba ya shiga. Wai me ya ce yau?"

Ta kwashe duka ta faɗa masa. Sai ya tambayi inda kabarin kakanta yake. Ita rabonta da hawa dutsen da kabarin yake tun tana firamare, sharar aikin maza ce. Amma ta ce ai ba ɓata, kabarin shi ne tudun ƙasar da ke gindin ƙatuwar bishiya.

Ranar Asabar suna karyawa, ƙarar injin yankan ciyawa ta taso daga kan dutse. Tsoho Pyo ya ajiye cokali.

"Wa ke kan dutsena?"

Ya jawo sanda ya kama hanya yana ɗingishi, Songi na biye.

Suka iske Ganbold sharkaf da gumi, rina ta harbe shi ido ɗaya ya kumbura ya rufe ruf. Amma aiki kam ya yi kyau! Tudun ya fito fes, an tattare ciyawa gefe guda. Ya kashe injin ya rusuna har ƙasa.

Tsohon ya dubi tudun. Ya juya ya dubi wani tudun can sama, wanda ciyawa ta kai gwiwa. Ya sake juyowa.

"Wa ya nuna maka nan?"

Ganbold ya saci kallon Songi da idon da ya rage, ya ce, "Ni ne na yi kuskure, Baba?"

"Kuskure? Kabarin uban Gil ka share! Gil da ya cinye min iyakar gona, ko gaisuwa ba ma yi! Ka taso tun daga Daegu ka yi wa ubansa kwalliya, nawa na can cikin daji!"

Wayyo! Songi ta ji duniya ta juya mata. Shi ke nan, ta kashe shi da bakinta. Ta zube a gaban mahaifinta.

"Ni ce, Baba! Ni na kwatanta masa, rufa min asiri yake. Kuma tunda ta lalace bari in faɗa: ni na ce mu yi rajistar aure a ɓoye. Da ya yarda, da yanzu bizarsa na aljihu. Shi ya ƙi! Ya ce gara ya bar ƙasar da ya ci amanarka."

Tsohon ya daɗe yana kallon yaron, da kumburarren ido da tafin hannun da ya yi kanta.

"Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Baba."

"In ka tafi fa ta auri wani?"

Ganbold ya ce, "Zai yi min ciwo ƙwarai. Amma 'yarka ce."

Tsoho Pyo ya ja dogon tsaki, ya juya ya fara hawa. Songi ta rufe fuska, ta ɗauka an gama. Sai ga muryarsa daga sama:

"Kai sarkin aikin banza! Tsayuwar me kake? Ɗauko injin."

Ganbold ya saɓi injin ya bi shi da gudu har yana tuntuɓe. A gaban tudun mai ciyawa tsohon ya tsaya, ya cire hula.

"Ga kakan Songi. Buɗe idon nan ɗaya ka gani da kyau. Badi ba zan iya hawowa ba, kuma in ka sake share min uban Gil, da kaina zan kai ka filin jirgi."

Songi na kuka tana dariya, ta ma rasa wanda za ta fara sharewa, hawaye ko majina. Da sun bi ta ɓoye, da an sami takarda an rasa uba. Haƙurin da Ganbold ya yi a kan abin da yake so, shi ya ba shi mata, ya ba shi gida, har da kabarin da zai riƙa sharewa.