Gashin da Ya Ji Ruwa

A can wani zamani an yi wata yarinya mai suna Tabawa, wadda ta ƙudura sai gashinta ya taɓo kafaɗa. Kullum takan shafa masa man kaɗanya, ta taje shi a hankali. Damina ta wuce tana shafawa, rani ya wuce tana shafawa.

Ran nan ta tsefe kitso, ta wanke kai da karkashi. Da ta leƙa ruwan randa, sai ta ga gashin ya dunƙule, ko kunne bai kai ba.

Ƙawarta Kande ta yi dariya ta ce, "Duk man nan, ashe ƙoƙon kai ne ya sha. Sa matajin ƙarfe a wuta ki miƙar da shi."

Tabawa ta sa matajin a garwashi har ya yi ja. Ta ɗauko shi, sai ta dakata. Ta tsinci ɗan gashin da ya zuba ƙasa ta ɗora a kan matajin. Nan take ya ƙone, ƙauri ya tashi. Ta jefa matajin a ruwa, ta nufi wurin gwaggonta da ƙwalla a ido.

"Gwaggo, gashina ya gudu."

"Ya gudu ina? Zauna nan."

Gwaggo ta kama sili ɗaya ta ja a hankali. Ya miƙe ya wuce kunne, ya miƙe ya wuce haɓa, har ya sauka a kafaɗa. Ta sake shi, ya koma ya naɗe.

"Kwanciya ya yi, 'yar nan. Haka yake in ya ji ruwa."

Sai ga Kande ta iso. Tabawa ta share ido ta ce, "Gwaggo, sake ja. Kande ba ta gani ba."